Filin Amsa Tambayoyinku: Ƙarfin Cinya Ne Ko Ƙarfin Allura?

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan tseren keke, kuma kusan dukkansu magana ɗaya suke zagayawa: waɗannan samarin da ke hawa duwatsun Turai ba ko haki, da ƙarfin jikinsu suke yi? Na tsamo waɗanda suka fi tsaya mini a rai, na rage tsawon wasu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni sabon shiga ne a kallon Tour de France. Na ji an ce a 2024 Tadej Pogacar ya hau wani dutse ya karya tarihin da Marco Pantani ya kafa da fiye da minti uku, alhali an ce a zamanin Pantani kusan kowa ƙwaya yake sha. Yayana ya ce wannan kaɗai ya isa hujja, wai mai gaskiya ba zai tsere wa mai maguɗi ba. Yaya abin yake? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka gaishe da yayan naka, ka ce masa bai yi maganar banza ba, sai dai ya yi saurin yanke hukunci.

Dutsen sunansa Plateau de Beille, a tsaunukan kudancin Faransa. Hawa ne na kusan kilomita 16, babu inda ƙafa za ta huta. A 1998 Pantani ɗan Italiya ya haye shi cikin minti 43 da ɗoriya. Ranar 14 ga Yulin 2024 Pogacar ɗan Sulobeniya ya haye shi bai cika minti 40 ba, kuma bayan ya yini yana hawa da sauka a kan wasu manyan duwatsu huɗu. Abin da ke sa mutane ɗaga gira shi ne, a 2013 wani kwamitin majalisar dattawan Faransa ya fitar da sakamakon sake gwada fitsarin da aka ajiye tun gasar 1998, kuma sunan Pantani na cikin waɗanda aka samu EPO a nasu. Wato tarihin da aka karya ɗin, da allura aka kafa shi.

EPO sinadari ne da ƙodar mutum ke samarwa, shi ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, su kuma su ne ke dakon iskar oksijin zuwa tsoka. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara haɗa shi a masana'anta domin masu ciwon ƙoda da jininsu ke ƙarewa. 'Yan tsere suka gano cewa in ka ƙara jajayen ƙwayoyin nan, za ka daɗe kana tuƙi da ƙarfi kafin cinya ta ƙone. A jikin lafiyayyen namiji jajayen ƙwayoyi kan kai kashi 40 da wani abu cikin 100 na jininsa. Bjarne Riis ɗan Denmark, wanda ya ci gasar 1996, laƙabinsa a cikin abokan sana'a “mai kashi 60”. Shekara goma cur babu gwajin da ke iya gano maganin, sai a 2000. Abin da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta iya yi a 1997 shi ne ta ce duk wanda jininsa ya haura kashi 50 ya je ya huta mako biyu. Sai ƙungiyoyi suka sayi 'yan ƙananan na'urorin auna jini suna yawo da su a jaka, kowa ya tsaya daidai 49. Pantani kansa da wannan doka aka kore shi daga gasar Giro ta Italiya a 1999, yana kan gaba, saura kwana biyu a kammala.

To ta yaya na yau zai fi wannan sauri? Masu kare shi suna da amsoshi, kuma ba na ƙarya ba ne. Babba a cikinsu ita ce ciki. A da ɗan tsere kan ci abin da bai wuce giram 60 na sukari da sitaci a awa ɗaya ba, wasu ma da yunwa suke fita atisaye don su rame. Yanzu giram 100 zuwa 120 suke ɗurawa cikinsu kowace awa, sun horar da hanjinsu ya karɓa, don haka suna isa gindin dutsen ƙarshe da sauran ƙarfinsu. Sai taya mai faɗi da ba ta jan ƙasa, da riga da hular kwano da aka auna yadda iska ke bi ta kansu, da giya mai sauƙi da ke barin ƙafa ta juya da sauri a kan hawa. Nauyin keken kam bai sauya sosai ba, domin tun 2000 doka ta hana ya gaza kilo 6.8. Sai kuma makonnin da suke tarewa a wurare masu tsayi kamar dutsen Teide na tsibirin Tenerife, inda ƙarancin iska ke sa jiki ya ƙara jini da kansa. Ranar nan kuma 'yan ƙungiyar babban abokin hamayyarsa, Jonas Vingegaard, ne suka ja tawagar da gudun fitar rai tun daga gindin dutsen, Pogacar yana fake a bayansu iska ba ta dukansa. Shi ma Vingegaard ya karya tarihin Pantani a ranar, haka Remco Evenepoel da ya zo na uku.

Duk na yarda da waɗannan. Abin da ke hana ni tafi shi ne na taɓa jin irinsu. A zamanin Lance Armstrong, zakaran tseren keke ɗan Amurka, ma ce mana aka yi sirrin shi ne ya rame bayan jinyar cutar daji, yana juya feda da sauri fiye da kowa, yana zuwa ya haddace kowace kwana ta dutse tun kafin gasa. Duk gaskiya ne, kuma duk da haka allura yake yi. Bayani mai ma'ana ba ya wanke mutum.

Amma agogo ma ba ya ɗaure mutum. Masu lissafin ƙarfin da ɗan tsere ke fitarwa daga hotunan talabijin sai sun yi ƙiyasin nauyinsa, da ƙarfin iska da inda ta dosa, da santsin kwalta. Ka kuskure kilo biyu, lissafin ya tashi daga abin da ɗan Adam zai iya zuwa abin da ba zai iya ba. Zuwa yau Pogacar bai taɓa faɗuwa gwaji ba, babu abokin tafiya da ya fito ya ce ya gani da idonsa, babu ɗan sanda da ya kama wani abu a motar ƙungiyarsa.

Ni in zan sa ido, ba a kan agogo nake sawa ba, a kan waɗanda ke zaune a cikin motocin da ke bin 'yan tseren nake sawa. Shugaban ƙungiyar Pogacar, Mauro Gianetti, shi ne ke riƙe da ƙungiyar Saunier Duval a 2008 lokacin da aka kama ɗan tserenta Riccardo Ricco da sabon samfurin EPO, har ƙungiyar ta tattara ta fice daga Tour na shekarar. Ba a hukunta Gianetti ba, dole in faɗi wannan. Alexandre Vinokourov, wanda aka kama da jinin wani a jikinsa a gasar 2007, ya gama zaman dakatarwa, ya dawo ya ci zinare a wasannin Olamfik na 2012, daga baya ya zama shugaban ƙungiyar Astana. Wasan da ya bar ragamarsa a hannun mutanen wancan zamani ba shi da bakin cewa a daina yi masa tambaya.

TAMBAYA: Yallaɓai, ni ina ganin hassada ce kawai. Mai sanye da riga mai ruwan ɗorawa, wato wanda ke kan gaba a Tour, kullum sai an ɗebi fitsarinsa. In da yana sha, ai da an kama shi. Me ya sa ba za a bar mutum ya ci guminsa ba? Daga wani mai sha'awar wasanni.

AMSA: Ɗan'uwa, da ma haka abin yake da mun huta. Ka duba manyan badaƙalolin wasan nan ɗaya bayan ɗaya, ka gaya mini nawa ne kwalbar fitsari ta tona.

A Yulin 1998, ana saura kwanaki a fara Tour, jami'an kwastan na Faransa suka tsayar da wata mota a kan iyakarsu da Beljiyam. Mai tuƙin, Willy Voet, mai yi wa 'yan ƙungiyar Festina tausa ne. Aka buɗe bayan mota sai ga ɗaruruwan kwalaben EPO da sauran magunguna, wasu a cikin ƙanƙara. Wannan abin kunya ne ya kai ga kafa hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, a 1999. A 2006 'yan sandan Sifaniya ne suka kutsa wuraren wani likita, Eufemiano Fuentes, a Madrid, suka tarar da ledojin jini kusan 200 a firiji, kowace da sunan ɓoye a jikinta. Dabarar mai sauƙi ce: a ɗebi jininka a lokacin hutu, jikinka ya mayar da abin da aka ɗiba, sai a tsakiyar gasa a ƙara maka naka na ajiya. Jininka ne, babu baƙon sinadarin da za a gani. Jan Ullrich da Ivan Basso, waɗanda ake sa ran ɗayansu zai ɗauki kambun shekarar, ana gobe za a fara aka sallame su. A 2019 kuma 'yan sandan Ostiriya da na Jamus ne suka fasa wata ƙungiyar ƙarin jini ta wani likita, Mark Schmidt, bayan wani ɗan wasan zamiya a ƙanƙara ya yi magana a talabijin. Har sun tarar da wani ɗan wasan zamiyar da allura a hannu, kuma cikin kwanaki kaɗan 'yan tseren keke biyu na Ostiriya suka amsa laifi.

Armstrong ya yi shekaru yana cewa shi ne ɗan wasan da aka fi gwadawa a duniya. Ya ci Tour sau bakwai a jere, 1999 zuwa 2005. Abin da ya kayar da shi a 2012 shaida ce: tsofaffin abokan tafiyarsa 11 suka rantse suka faɗi abin da suka gani da abin da suka yi tare. Rahoton hukumar Amurka da ta yi binciken ya ce a cikin gurabe 21 na ɗaya zuwa uku a waɗannan shekaru bakwai, 20 na mutanen da aka danganta da ƙwaya ne. Shi ya sa UCI ba ta miƙa kambunan ga kowa ba, ta bar layin babu suna. Riis ma bai taɓa faɗuwa gwaji ba, shi ya kira 'yan jarida a 2007 ya faɗa da bakinsa.

Ba ina cewa gwaji aikin banza ba ne. Tun 2008 kowane babban ɗan tsere yana da abin da ake kira fasfon jini: ana ɗibar jininsa lokaci zuwa lokaci ana ajiye alƙaluman, ranar da suka yi tsallen da jiki ba ya yi da kansa, sai ya yi bayani ko da ba a ga magani ba. Dole kuma kullum ya sanar da inda yake, ya ware awa ɗaya da za a iya buga masa ƙofa ba sanarwa. Ya kuskure sau uku cikin wata 12, laifi ne. Michael Rasmussen a 2007 yana sanye da rigar ɗorawa ƙungiyarsa ta kore shi, saboda ya ce yana Meziko aka gan shi a Italiya. Samfurin da aka ɗiba kuma ana iya ajiye shi shekara 10 a sake gwadawa in kimiyya ta ci gaba. Tun 2021 ma ba UCI ke gwada 'yan wasanta da kanta ba, wata hukuma ce mai zaman kanta, ITA.

Abin da waɗannan suka yi shi ne rage girman satar. Jini mai kashi 60 ya wuce. Wanda ke son maguɗi yau sai dai ya yi 'yar allura kaɗan da dare, wadda kan iya ɓacewa kafin gari ya waye, kuma ribarta ba ta kai ta da ba. Wannan ci gaba ne na gaske, domin ya ba mai gaskiya damar ya yi takara. Amma in mutum ya ce maka “ban taɓa faɗuwa gwaji ba”, abin da ya gaya maka ke nan, bai ƙara komai a kai ba.

TAMBAYA: Malam, da gaske ne ana ɓoye inji a cikin keke? Daga wani makanike.

AMSA: Da gaske ne, maigida. Ɗan ƙaramin inji ne mai batir da ake zurawa a cikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi, yana taya feda juyawa. An kama shi a gasar duniya ta tseren keke a cikin taɓo a Beljiyam a 2016, a keken wata matashiya, Femke Van den Driessche, aka dakatar da ita shekara shida. A manyan gasannin kan titi ba a taɓa kama kowa ba, ko da yake ana bin kekuna da na'urar gano maganaɗisu, wasu a saka su a na'urar ɗaukar hoton ciki irin ta asibiti. Ni wannan bai dame ni kamar jini ba. Inji sai da makanike, kuma ƙarfe ba ya narkewa a jiki kafin safiya.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda ake cewa da yawan 'yan tseren nan masu asma ne, kuma an ba su izinin shan magani. Wannan ba maguɗi ba ne da takarda? Daga wata malamar asibiti.

AMSA: Malama, kin taɓo inda aka fi jayayya a yau. Asmar ba ƙirƙira ba ce. Mutumin da ke zuƙar iska mai sanyi da ƙura awa biyar a rana, hanyoyin numfashinsa kan kumbura. Maganin shaƙa na salbutamol an yarda da shi zuwa wani ma'auni. A gasar Vuelta ta Sifaniya ta 2017 aka samu ninki biyu na ma'aunin a fitsarin Chris Froome, aka yi wata da watanni ana fafatawa da lauyoyi da masana, a Yulin 2018 aka wanke shi, kwanaki kaɗan kafin Tour. Wanda ba shi da kuɗin ɗaukar irin waɗannan lauyoyi, ina shakkar zai fita haka.

Wanda ya fi damuna shi ne na Bradley Wiggins. A 2016 masu kutse a kwamfuta suka fallasa cewa an ba shi izinin allurar triamcinolone, wani maganin kumburi mai ƙarfi, daf da Tour na 2011 da na 2012, wanda ya ci, da Giro na 2013, saboda rashin jituwar jikinsa da ƙurar furanni. Ke kin fi ni sanin ƙarfin wannan allura. Tsofaffin masu maguɗi sun ce da ita suke zubar da ƙiba ba tare da ƙarfi ya ragu ba. Bai karya doka ba, takardunsa cikakku ne, amma a 2018 wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya ce ƙungiyarsa ta Sky ta ƙetare iyakar abin da ya dace. Shi ya musanta.

Haka ake ta yi, doka na bin baya. Tiramol an daɗe ana haɗiyarsa don kashe zafin cinya kafin UCI ta hana shi a lokacin gasa a 2019, kuma da wannan aka soke matsayi na shida da Nairo Quintana ɗan Kolombiya ya samu a Tour na 2022. Na baya-bayan nan shi ne shaƙar iskar carbon monoxide, gubar da ke cikin hayaƙin inji. Ana amfani da ɗan kaɗan don auna yawan jinin mutum, amma in aka riƙa maimaitawa tana iya sa jiki ya ƙara jini. Da maganar ta fito a 2024, sai a farkon 2025 UCI ta hana maimaita shaƙar. Ni a wurina ma'aunin ɗaya ne: in lafiyayye ne ake ba maganin marar lafiya don ya ƙara gudu, sa hannun likita bai sauya sunan abin ba.

TAMBAYA: Baba, tunda an kasa hanawa, me zai hana a bar kowa ya sha abin da yake so? Ai sai a zama daidai. Daga wani matashi.

AMSA: Ɗana, ba za a zama daidai ba. A zamanin dokar kashi 50, wanda Allah ya halitta da jini mai kashi 41 yana da filin ƙara tara, wanda aka haifa da 48 biyu kawai zai ƙara. Sai gasar ta koma ta wanda jikinsa ya fi karɓar magani da wanda ya fi iya biyan likita.

Sannan akwai rai. Tom Simpson ɗan Birtaniya ya faɗi a kan dutsen Ventoux ranar 13 ga Yulin 1967, cikin tsananin zafi, da ƙwayar amfetamin a jininsa da sauranta a aljihun rigarsa, bai tashi ba. A shekarun EPO jini kan yi kauri har zuciya ta riƙa wahalar tura shi in mutum ya yi barci, tsofaffin 'yan tsere sun ba da labarin yadda suke saita agogo su farka da tsakar dare su motsa jiki don kada jinin ya daskare. Ricco da na ambata ɗazu, bayan ya dawo daga dakatarwa, a 2011 aka garzaya da shi asibiti ƙodarsa na neman tsayawa. Likitan da ya karɓe shi ya ce ya gaya masa jinin da ya ajiye a firijin gida ya ƙara wa kansa. Dakatarwar shekara 12 aka yanke masa.

Kuma ranar da aka ce kowa ya sha, an ce wa wanda ba ya so ya nemi wata sana'a ke nan. Christophe Bassons ɗan Faransa yana cikin ƙungiyar Festina, kuma abokan tafiyarsa da kansu suka shaida cewa shi ba ya taɓawa. A Tour na 1999 ya riƙa rubutu a jarida yana cewa ba abin da ya sauya. Tawagar ta juya masa baya, aka daina yi masa magana har a teburin cin abinci, Armstrong ya matso kusa da shi a kan hanya ya ce masa in haka yake gani ya bar wasan mana. Bai ƙarasa gasar ba. A 2001 ya ajiye keken gaba ɗaya, yana da shekara 27.